Allurar Rigakafin Yara: Jawabi Ga 'Yan Kasuwar Muda Lawal Ta Bauchi

Ga cikakken jawabin da aka gabatar ga 'yan kasuwa da sauran jama'a a Kasuwar Muda Lawal ta birnin Bauchi, game da amfanin yi wa yara allurar rigakafi.



Duk wanda ya yi sammako ya shigo wannan kasuwa zai tarad da motoci sun kwana a hanya, ana ta sauke doya da dankali da tumatir da albasa da kayan marmari, wasu daga cikin jiha, wasu daga nesa. Kafin hantsi ya dubi ludayi mutanen Dass da Toro da Ningi da Darazo da Alkaleri sun haɗu da na cikin gari, an gaisa, an yi musafaha, kuɗi ya fita daga wannan hannu ya shiga wancan. Ga mata da goyo a baya, ga yara 'yan talla, ga masu tura baro. Da la'asar kowa ya koma gida da abin da ya samu. To, hanyar nan da arziki yake bi ya shigo gari, ita ce kuma cuta take bi. Yaro ɗaya mai ƙyanda da aka goyo aka ratsa layin 'yan tumatir da shi, yana iya aika cutar zuwa ƙauyuka da dama kafin iyayensa su san ƙyanda ce ke damunsa. Sabo da haka maganar rigakafin yara ta shafi ɗan kasuwa kai tsaye, ba ta malaman asibiti ba ce su kaɗai.

YADDA RIGAKAFI YAKE AIKI

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da masu gadi a cikin jini, waɗanda aikinsu shi ne yaƙi da ƙwayoyin cuta. Amma maigadin da bai taɓa ganin ɓarawo ba, sai an yi ɓarna kafin ya gane shi. Haka jikin jariri yake. Idan ƙwayar ƙyanda ko ta mashaƙo ta shiga jikinsa karo na farko, kafin masu gadin nan su gane ta su shirya mata, sau da yawa ta riga ta yi masa illa. Abin da masana suka yi shi ne, suka ɗauki ƙwayar cutar suka kashe ta, ko suka raunana ta ƙwarai, ko kuma suka ciri wani ɗan yanki nata, sannan a sa wa yaro ta hanyar allura ko ɗigo a baki. Watau an nuna wa maigadi fuskar ɓarawo ke nan alhali hannuwansa na ɗaure. Ranar da cutar ta ainihi ta zo, sai ta tarad da jiki ya san ta, ya kuwa yi shirin tarbarta.

Akwai wani amfani kuma wanda ya wuce yaron da aka yi wa allurar. Kowa ya san gobarar kasuwa daga rumfa zuwa rumfa take tsallakawa, kuma inda ta tarad da fili ko bangon siminti, nan take tsayawa. Kowane yaro da aka yi wa rigakafi bango ne a gaban cuta. Idan irin waɗannan yara suka yi yawa a unguwa, cutar ba ta samun hanyar da za ta kai ga jaririn da bai isa allura ba, ko yaron da wani ciwo ya raunana. Ashe ke nan mutumin da ya kai ɗansa asibiti ya taimaki ɗan maƙwabcinsa, wanda ya ƙi kaiwa kuwa ya bar ƙofa a buɗe ga unguwa duka.

INA AGANA TA TAFI?

Dattawan da ke cikin wannan taro sun san agana, wadda wasu ke kira 'yan rani. Sun san masu zanzana a fuska, sun san waɗanda ta makantar, sun kuma san gidajen da ta shiga ta fita da yara biyu ko uku a rani guda. Cikin mutum goma da ta kama, kusan uku ba sa tashi. Amma a yau saurayi ɗan shekara talatin bai taɓa ganin mai agana ba, sai dai ya ga tabon lamba a damtsen mahaifinsa.

A shekarar 1796 ne wani likitan Ingila mai suna Edward Jenner ya nuna cewa ƙurajen da ake ɗauka daga shanu suna kare mutum daga agana. An daɗe ana amfani da wannan dabara nan da can, har zuwa 1967 lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura aniyar kawar da cutar baki ɗaya. Nijeriya ta taka rawa babba a cikin wannan aiki, don kuwa a yankin Ogoja ne, a ƙarshen 1966, wani likita mai suna William Foege ya ga maganin da ke hannunsa ba zai ishi kowa ba, sai ya riƙa neman inda cutar ta ɓulla yana yi wa duk na kewaye da mai ciwon lamba. Dabarar ta yi aiki, aka kuma ɗauke ta zuwa sauran ƙasashe. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya. A watan Oktoba na 1977 aka ga mutum na ƙarshe da ya ɗauke ta daga cikin jama'a, a ƙasar Somaliya. A watan Mayu na 1980 aka yi shelar cewa agana ta ƙare a duniya. Gani ya kori ji.

Ganin wannan nasara tana tafe ne ya sa a 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa babban shirin rigakafin yara, wanda ya fara da cututtuka shida, watau tarin fuka da mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da shan-inna da ƙyanda. Nijeriya ta shiga shirin a ƙarshen shekarun 1970, aka sake yi masa garambawul a 1984, ya kuma yi ƙarfi sosai zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. A shekarar 2024, da shirin ya cika shekara 50, wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet ya ƙiyasta cewa rigakafi ya ceci rayuka miliyan 154 a duniya cikin waɗannan shekaru, miliyan 101 daga cikinsu jarirai ne 'yan ƙasa da shekara ɗaya.

DARASIN SHAN-INNA

Babu kasuwa ko tashar mota ko ƙofar masallaci a Arewa da ba a ganin wanda shan-inna ta shanye wa ƙafa tun yana ƙarami. Ƙwayar wannan cuta ta bayan gida take fita, ta shiga ruwa ko abinci ko ta maƙale a hannu, daga nan ta shiga bakin wani yaro. Cikin yara 200 da ta shiga jikinsu, kamar ɗaya ne take shanye wa gaɓa, sauran suna yawo da ita suna rarrabawa ba wanda ya sani. In kuwa ta shanye ƙafa, babu likitan da zai iya maido da ita.

A 1988, lokacin da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kawar da ita, tana nakasa yara kusan 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Aiki ya yi nisa, sai a 2003 jita-jita ta bazu a Arewacin Nijeriya cewa an sa wa ɗigon wani abu mai hana haihuwa. Aka dakatad da aikin a wasu jihohi, a Kano kuwa bai koma ba sai watan Yuli na 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma kawo magani daga ƙasar Indunusiya. Amma cuta ba ta jira a gama gardama ba. A 2006 kaɗai yara fiye da 1,000 ta nakasa a Nijeriya, ta kuma tsallaka zuwa ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran nan a yau manya ne, wasunsu magidanta, kuma da sanda ko keken guragu za su ƙare rayuwarsu sabo da wata magana da aka faɗa wa iyayensu wadda ba a taɓa samun shaidarta ba.

Abin da ya juya al'amarin shi ne shigowar mutanen da jama'a ta sani ta kuma yarda da su. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, bisa jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar. Sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu maganin a bainar jama'a, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka riƙa rakiyar ma'aikata gida-gida. A lokacin kuwa ɗan wannan jiha ne, Dakta Muhammad Ali Pate mutumin Misau, ke shugabantar hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa, daga 2008 zuwa 2011. Aikin bai zo da sauƙi ba, har ma a watan Fabrairu na 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano suna bakin aikinsu. Duk da haka ba a fasa ba. A 2012 Nijeriya ce ke da fiye da rabin masu shan-inna na duniya, amma a 2016, a Jihar Borno, aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta kama. Ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar wa nahiyar Afirka duka cewa ta rabu da ita.

Wani zai ce, to me ya sa har wa yau ake bi gida-gida da ɗigo? Dalili biyu ne. Na farko, asalin ƙwayar tana nan a Afghanistan da Pakistan, tafiya kuwa ta yi sauƙi a zamanin nan. Na biyu, ƙwayar da ke cikin ɗigon mai rai ce da aka raunana. Inda aka ɗiga wa yawancin yara, takan mutu don ta rasa wurin zama. Amma inda aka bar yara da yawa ba rigakafi, takan yi ta yawo daga wannan zuwa wancan har wata da watanni, wani lokaci ta sake yin ƙarfi ta nakasa yaro. Irin wannan ce ake fama da ita a wasu jihohin Arewa. Maganinta kuwa shi ne a ɗiga wa kowane yaro, kada a bar ko ɗaya.

ABIN DA YA FARU A ƘOFAR GIDA

Ba sai an tafi nesa neman misali ba. A daminar 2019 zazzaɓin shawara ya ɓulla a Ƙaramar Hukumar Alkaleri, a kewayen gandun dajin Yankari, ya kashe mutane, har da baƙin da suka zo yawon buɗe ido suka koma da shi garuruwansu. Sauro ne ke ɗaukar wannan cuta, kuma allura guda ɗaya tak tana kare mutum daga ita har iyakar ransa. Allurar nan tana cikin waɗanda ake yi wa yaro kyauta in ya cika wata tara.

Daga ƙarshen 2022 kuma mashaƙo ya dawo da ƙarfi. Kano ce ta fi jin jiki, amma Yobe da Katsina da Borno da Bauchi duk sun ɗanɗana. Cuta ce da ke shimfiɗa wata fata a maƙogwaron yaro har ta toshe masa numfashi, dafinta kuma ya taɓa zuciya. Likitoci da yawa sun yi shekaru suna aiki ba su taɓa ganinta ba sai a littafi, don rigakafinta ya daɗe a duniya. Da aka duba waɗanda ta kama, sai aka tarad yawancinsu yara ne da ba a yi wa allura ba ko kuma ba a cika musu ba.

Sai sanƙarau, wanda ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa in zafi ya tsananta. A 1996 ya kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Waɗanda suka tashi, da yawansu sun kurumce ko sun sami taɓuwar ƙwaƙwalwa. Nau'in da ya yi wannan ɓarna an karya lagonsa da wata allura da aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a 2011. Da wani nau'in ya ɓulla daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024, Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare mutum daga nau'i biyar a haɗe, kuma a Jigawa da Bauchi da Yobe aka fara yin ta a watan Maris na 2024.

Game da ƙyanda kuwa, ko baƙon dauro, mutane da yawa sun ɗauke ta kamar wani mataki ne da dole kowane yaro ya taka. Wannan kuskure ne mai tsada. Da wuya a sami cutar da ta fi ta saurin yaɗuwa. Ƙwayarta takan zauna cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ciwon ya fita, kuma cikin yara goma marasa rigakafi da suka kusance shi, tara za su ɗauka. Yaro yakan fara rarraba ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito. Tana kawo ciwon haƙarƙari da gudawa da makanta, tana kuma barin jikin yaro a raunane har wata cutar ta zo ta ƙarasa shi. Kafin a sami allurarta a 1963, tana kashe mutane kusan miliyan 2 da dubu 600 kowace shekara a duniya. Kuma ba a tare ta a gari sai an yi wa yara 95 cikin 100 allura sau biyu.

RANAKUN DA YA KAMATA A RIƘE

Ɗan kasuwa ba ya manta ranar da zai karɓi bashinsa. To, ga ranaku shida da suka fi wannan muhimmanci.

Da haihuwa, a yi wa jariri allurar BCG ta tarin fuka da ta ciwon hanta, a kuma ɗiga masa na shan-inna. Ta ciwon hanta ta fi amfani in an yi ta cikin awa 24 na farko, sabo da haka ko a gida aka haihu, kada a jira suna, kada a jira arba'in.

Da sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu, a koma sau uku. A nan ne ake yin allurar da malaman asibiti ke kira Penta, wadda ta haɗa rigakafin cuta biyar, watau mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙe-haƙora da ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon haƙarƙari ga ƙananan yara. Tare da ita akwai wata allurar ta ciwon haƙarƙari, da ɗigo da allura na shan-inna, da ɗigon gudawar jarirai wanda aka shigo da shi a 2022.

Da wata tara, a yi ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara da ta sanƙarau. Da wata goma sha biyar, a koma a yi ta ƙyanda ta biyu.

Ban da waɗannan, mai juna biyu tana da allurar sarƙe-haƙora a wurin awo, wadda ke kare ta ta kuma kare jaririnta daga ƙwayar da ke shiga ta cibiya in an yanke ta da reza ko aska marar tsabta. Tun watan Oktoba na 2023 kuma akwai allurar da ake yi wa 'yan mata don kare su daga sankarar bakin mahaifa, Jihar Bauchi na cikin jihohin da aka fara da su. Dukan waɗannan kyauta ne a asibitocin gwamnati da ɗakunan shan magani.

Babbar matsalar da ake fama da ita ita ce a fara a kasa ƙarasawa. Uwa ta kai yaro sau ɗaya, ya kwana yana kuka, maigida ya ce ba za a koma ba. Allura ɗaya cikin uku kuwa kamar rumfa ce da aka kafa wa ginshiƙi ba a yi mata rufi ba. Wanda ya makara bai yi asara ba, domin ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Katin rigakafi kuma a adana shi kamar yadda ake adana takardar rumfa, a riƙa zuwa da shi kullum.

AMSAR MASU SHAKKA

Ba daidai ba ne a raina uban da ya yi tambaya kafin a taɓa ɗansa. Tambaya haƙƙinsa ce, amsa ta gaskiya kuma wajibi ce a kan hukuma.

Wasu sukan ce allura tana sa zazzaɓi. Gaskiya ne, takan sa. Jikin yaro yakan yi ɗumi, wurin allurar ya ɗan kumbura, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ta BCG ma takan yi ɗan ƙurji ta bar tabo a damtse. Alama ce jiki ya karɓi saƙo yana shiri. A ci gaba da ba shi nono, a bi shawarar malamin asibiti, in kuwa an ga abin da ya wuce haka a koma da shi nan da nan. Mura ko ɗan tari ba ya hana a yi wa yaro allura.

Wasu sukan tuna abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Wannan abu ya faru, kuma ya bar miki a zukatan mutane. Amma ya kamata a bambanta. Wancan sabon magani ne da ake gwadawa a kan marasa lafiya. Alluran rigakafin yara kuwa wasunsu an fi shekara 50 ana yin su ga ɗaruruwan miliyoyin yara a ko'ina cikin duniya, kuma ba sa shiga asibiti a ƙasar nan sai hukumar NAFDAC ta amince da su.

Wasu sukan ce tana hana haihuwa. Amsar wannan tana cikin gidajen mutane. 'Yan matan da aka yi wa rigakafi a shekarun 1980 da 1990, su ne iyayen yaran da suka cika makarantu da tituna a yau.

Wasu kuma sukan ce ai Allah ne ke tsarewa. Haka ne, babu mai musun wannan. Amma ɗan kasuwar da ya yi imani Allah ne ke tsare dukiya, ba ya tafiya gida da yamma sai ya sa wa shagonsa kwaɗo. Malamai sun sha bayyana cewa riƙo da sababi bai saɓa wa tawakkali ba. Maniyyacin da zai sauke farali ma, hukumomin Saudiyya ba sa barinsa ya shiga sai da shaidar allurar sanƙarau, ɗan Nijeriya kuwa har da ta zazzaɓin shawara. Abin da dattijo ya miƙa damtsensa aka yi masa don ya tafi Makka, me zai sa ya hana jikansa?

Akwai kuma masu tambaya ko maganin bai lalace a hanya ba. Mai sayad da tumatir ya fi kowa sanin ɓarnar zafi. Yawancin magungunan rigakafi ana ajiye su ne cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, tun daga ma'ajiya har akwatin da ma'aikaciya ke rataye da shi. A jikin kwalbar kuma akwai wata 'yar alama da ke yin duhu in zafi ya taɓa maganin, in ta yi duhu sai a zubar. Uba yana da ikon ya ce a nuna masa.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Yanzu sai a ɗora abin a kan sikeli. A gefe ɗaya ga zuwa asibiti sau shida cikin wata goma sha biyar, da kuɗin ɗan acaɓa ko Keke Napep, da kukan dare ɗaya ko biyu. A ɗaya gefen ga yaro kwance a gadon asibiti sati biyu, uwa ta bar sana'arta tana jiyya, uba ya rufe rumfa yana zarya, kayan gwari suna ruɓewa, abokan ciniki sun koma wurin wani. A sayi magani, a sayi ruwa, a ci bashi, a taɓa uwar kuɗi. Wannan ma in an yi sa'a ke nan yaron ya tashi lafiya. In ya tashi da makanta ko kurumta ko shanyayyar ƙafa, ɗawainiya ce ta har abada. In kuwa bai tashi ba, babu sikelin da zai auna wannan. Magabata da suka ce rigakafi ya fi magani, lissafi suka yi.

Duk da haka, ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa a 2023 Nijeriya na da yara fiye da miliyan 2 da ba a yi musu allurar Penta ko sau ɗaya ba, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya, kuma Arewa ce ta ɗauki kaso mafi girma. Ba duka ne don ƙin iyaye ba. Wani ƙauyen ya yi nisa da asibiti, wani wurin an je ba a tarad da ma'aikaci ba, wata uwar an yi mata tsawa ta yi fushi ba ta koma ba. Wannan nauyi ne a kan gwamnati da ma'aikatanta, kuma haƙƙin jama'a ne su kai kuka wurin mai unguwa da kansila da hukumar lafiya in sun ga an yi sakaci. Tun a 2014 Gwamnatin Jihar Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Ɗangote da ta Bill da Melinda Gates don ƙarfafa rigakafin yau da kullum, amma duk kuɗin da aka zuba ba shi da amfani in ba a kawo yaron ba.

AIKIN DA YA RAGE

A mafi yawan gidaje uwa ce ke ɗaukar yaro zuwa asibiti, amma izini da kuɗin mota daga wurin maigida suke fitowa. Sabo da haka aikin farko na maza ne. Kowane magidanci in ya koma gida yau, ya ce a kawo masa katin kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyu ya duba. In babu kati, ko akwai gurbin da ba a cike ba, to a tambayi ranar rigakafi a asibiti mafi kusa, a kuma tafi a wannan satin. Ba a fafe gora ranar tafiya, ranar da annoba ta shigo gari ba ranar neman allura ba ce.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, na 'yan gwari da 'yan doya da 'yan hatsi da direbobi da 'yan dako, maganarsu tana da nauyi a wurin mutanensu. In ma'aikatan rigakafi sun shigo kasuwa, a ba su inuwa da benci, a yi shela, a nuna musu matan da ke da goyo. Mai rumfa ya tambayi yaron shagonsa ko an kai jaririnsa. Direban da ke shiga ƙauyukan da babu asibiti ya kai labari, in da hali ya rage wa mai goyo hanya. Wanda kuma aka turo masa wata magana a waya game da allura, ya tambayi malamin asibiti kafin ya tura wa wani, don ya ga abin da jita-jitar 2003 ta jawo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ɗa kuwa na kowa ne.

Iyayen da suka tsaya a layi a shekarun 1960 aka yi wa 'ya'yansu lamba, yawancinsu ba su yi karatun boko ba, amma su ne suka kori agana daga ƙasar nan. Waɗanda suka buɗe ƙofofinsu ga masu ɗigo, su ne suka kori asalin shan-inna. Ƙyanda da mashaƙo da sanƙarau suna nan suna jiran iyayen yau.

Allah ya raya zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa albarka a kasuwa.